Kunnuwan Shanun Marayu

Akwai wasu samari 'yan kabu-kabu da ke zama a kan baburansu a bakin karar Dungas, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, suna jiran wanda zai hau. Rannan ina wucewa sai na ji ɗayansu yana cewa in ya gaji da babur dillanci zai koma, tunda aikin bai wuce mutum ya riƙe sanda ya yi ta surutu ba, da la'asar ya cika aljihu ya tafi gida. Na tsaya na nuna masa wata karsana, na ce ya faɗa mini shekarunta. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baba, ai ba a rataya mata takardar haihuwa a wuya ba." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don yaron yana da baki. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wannan aikin da kuka raina.

Sunana Laminu, dillalin shanu ne ni tun ina da ƙarfin kayar da maraƙi ni kaɗai. A hannun marigayi Alhaji Gambo na koya, kuma shekarun farko bai yarda na buɗe baki a wurin ciniki ba. Nawa ban ruwa ne da kora da riƙe ƙaho. In ya ga dama sai ya kama hannuna ya ɗora a gindin wutsiyar sa, ya ce, "Me ka ji?" In na ce na ji ƙiba, sai ya ce ƙarya nake, ruwa na ji. Wasu masu shanu sukan ba dabba kanwa tun da safe, ta sha ruwa har cikinta ya yi tulu, wanda bai sani ba ya ɗauka nama ne. Kitse a gindin wutsiya da tozo yake, shekaru a haƙori suke, ciwo kuwa a hanci da tari yake ɓuya, sai ka kora dabba ta ɗan yi gudu kafin ya fito. Kayan aikinmu ke nan: sanda, malafa saboda rana, da hannu da ido. Yanzu kun ƙara da salula, kuna ɗaukar hoton sa kuna aika wa mai saye a Kano. Madalla, amma har yau ban ga salular da ta taɓa gindin wutsiya ba.

Mutanen da muke hulɗa da su ma kowa da halinsa. Akwai Bafulatanin da zai tsaya ya dogara da sandarsa, a yi ta tayi yana cewa albarka, ba za ka gane ya kusa sallamawa ba sai in ka lura ya daina kallon saniyar. Akwai manomin da ya kawo san nomansa saboda rashin lafiya a gida, wannan ba ka barinsa ya yi magana, don muryarsa kawai za ta karya masa kuɗi. Akwai fatake daga tsallaken iyaka da ke zuwa da naira suna kukan canji, ko da kuwa canjin su ya yi wa daɗi. Duk waɗannan kai ne a tsakiya, kowa yana zaton ka fi son ɗayan.

Abu biyu Alhaji Gambo ya fi nanata mini. Na farko, abin da mutum ya sayar da abin da ya karɓa, tsakaninka da shi ne, ko matarsa ba ta ji a bakinka. Wannan ba son ɓoye-ɓoye ba ne. An sha bin mutum a tare shi a hanyar ƙauye saboda wani ya yi sakin baki a kara. Na biyu, duk dabbar da ta bi ta hannunka, kai ne shaidarta. In wani ya zo bayan shekara goma ya ce saniyarsa ce aka sace, kai za a nema, kai za ka faɗi wanda ya kawo ta. Yakan ce la'adar da ake ba mu ba kuɗin surutu ba ce, kuɗin tsayawa ce. Na yi shekaru ina ɗaukan waɗannan biyun abu guda ne, sai da maganar shanun Alhassan ta taso.

Alhassan manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Yekuwa. Mutum ne mai tattali, duk shekarar da riɗi ya yi kuɗi sai ya zo wurina ya ce in duba masa karsana mai kyau. Da ɗaya da ɗaya ya tara, kuma kowace in ya saya sai ya yi mata shaidar gidansu, tsaga biyu a kunnen hagu. Da Allah ya yi masa rasuwa, malamai suka raba gado, matarsa ta ɗauki nata ta koma gidansu. Rabon 'ya'yansa uku, mace ɗaya da maza biyu, duk ƙanana, ya kama shanu shida. Aka damƙa su amana a hannun ƙanensa Sale, ya riƙe har yaran su girma. Shi ma Sale baƙona ne, duk abin da zai sayar wurina yake ɗaurewa.

Sai ga mummunar shekarar nan. Damina ta ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba, daji ya zama fili fetal, harawa ta yi tsadar da talaka ba ya ko tambaya. Kafin bazara mutane sun fara zare jinkar ɗakunansu suna ba shanu. Na ga saniyar da sai maza huɗu sun sa itace a ƙarƙashinta kafin ta miƙe. Na sayar da bijimin da kuɗinsa bai sayi buhun hatsi ba, mai shi ya karɓa ya juya ya tafi. Masu banda suka zo daga tsallake suka kafa runfuna a bayan kara, suna saye suna yankawa nan take, suna kyafe naman su loda a mota. Tun daga nesa hayaƙi ne ke gaya maka ka iso kasuwa.

Cikin wannan hali Sale ya koro shanun nan shida. Na gane su tun daga nesa, ni na saya wa yayansa su. Sun rame, amma suna kan ƙafafunsu, sun fi na mutane da yawa, don haka suka yi kuɗi daidai gwargwadon shekarar. Na ce masa ya yi dabara, gara a mayar da su kuɗi a ajiye wa yara da a zuba ido su mutu. Har gobe ina nan a kan wannan, sayarwar ba laifi ba ce. Da aka sallama wa masu banda, sai Sale ya ce yana da sharaɗi ɗaya, in an yanka a bar masa kunnen hagu na kowace. Ba wanda ya yi musu, kunne me zai ƙara a banda? Ni kuma na ɗauka yana so ya nuna wa uwar yaran waɗanda suka fita daga garke.

Ku da ba ku yi kiwo ba, bari in gaya muku amfanin kunne. A ƙasarmu in aka ba ka dabba amana ta mutu a hannunka, ba ka zuwa da baki kawai. Kana yanko kunnen da ke da shaida ka kai wa mai ita a gaban dattawa. Da an ga kunne magana ta ƙare, ba a binka komai, sai dai a yi wa juna jaje.

Shekaru suka shuɗe, har na daina tuna zancen. Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai ga amalanke ya tsaya, wata mata da goyo ta sauko. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Laminu, ba ka san ni ba. Ni ce Habsu, ɗiyar Alhassan na wajen Yekuwa." Ta kwance wani tsumma a gabana. Kunnuwa shida ne, sun bushe sun nannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa, amma tsagar nan biyu tana nan a kowane.

Ta ce a waccan shekarar baffanta ya kai su gaban mai gari ya ce shanun marayu duk sun mutu. Ba wanda ya yi mamaki, na kowa ma sun mutu. Uwarsu ta yi kuka ta ajiye kunnuwan a cikin kwalla. Amma a shekarar da mutane ke sayar da tabarmin kwanciyarsu, Sale ya kafa injin niƙa, da damina ta zagayo kuma ya sayi shanun noma da amalanke. Ita tana yarinya tana gani, ba ta da bakin magana. Sai kwanan baya a wurin wani suna, wata tsohuwa mai sayar da fura a kara ta ce mata ai ita ta ga ranar da aka yanka shanun gidansu a runfar masu banda.

"Baba, ƙannena biyu yanzu su ke yi wa baffa huɗa da shanun noman nan," in ji ta. "Da kaka ya auna musu tiya kamar 'yan ƙwadago. Ƙaramin ya ce in an gama girbi Agadas zai bi, ya tsallaka hamada. Ni ba don kaina nake yi ba."

Ta bi hanya yadda ake bi. Ta fara da dattawan gida, suka ce ta yi haƙuri, baffa uba ne. Ta je wurin mai gari, ya ce shi da idonsa ya ga kunnuwa. Ta je fada, aka zauna sulhu bai yiwu ba, aka ba ta takarda ta wuce Magarya gidan jastis, wato kotu. Can alƙali ya saurare ta, ya ce maganar tsohuwa mai fura ba ta isa ba, tunda ba ta san wanda ya sayar ba, masu banda kuma ba a san inda suke ba. Ya ce in an sayar da shanu a kara, to da dillali. Ta bi tana tambaya har aka nuna mata gidana.

Na ce ta ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. Ba don ban tuna ba, na tuna har da wadda ke da karyayyen ƙaho. Tsoro na ji, kuma ba na jin kunyar faɗa, don rabin abincin gidana daga mutanen Yekuwa yake fitowa.

Na je wurin sarkin dillalai na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, "Laminu, ka ce ka manta. Shekara nawa yau? Shanu nawa suka bi ta hannunka a waccan shekarar? Wallahi ba mai ganin laifinka. Amma in ka je Magarya ka buɗe baki a kan baƙonka, gobe ko akuya ba mai kawo maka." Ba mugunta ce ta sa shi faɗar haka ba. Kara yake karewa, kuma abin da ya faɗa zai faru ya faru.

Na yi ta juya abin a raina ina cikin aiki. Gaskiya ne Sale baƙona ne, yana da haƙƙin in riƙe masa bakina. Amma da shanunsa ya sayar ya ɓoye wa iyalinsa, da ko alƙali ya kira ni sai na yi nauyin baki. Waɗannan ba nasa ba ne. Alhassan ma baƙona ne, ni na buɗe bakin kowace karsana na ce masa ya saya, kuma ban taɓa jin an ce in mutum ya mutu ya fita daga hannun dillalinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wurin cinikina aka yanko kunnuwan da aka rufe bakin marayu da su.

Da kasuwa ta zagayo na ce wa Habsu zan ba da shaida, aka aiko mini da kira daga Magarya. Kafin ranar zama na hau babur na tafi ƙauyen su Sale, don ba na son ya fara jin maganata a gaban mutane. Na same shi a rumfar injinsa, gari ya yi masa fari a gemu. Ya kashe injin muka gaisa.

Na ce, "Malam Sale, an kira ni Magarya. Zan je, kuma abin da na gani zan faɗa. Na zo ne ko za ka gyara da ɗiyarka kafin ranar."

Ya karkaɗe garin da ke hannunsa. Ya ce, "Laminu, ka san abin da aka ci a gidan nan a waccan shekarar? 'Ya'yana da na yayana, duk a tukunya ɗaya. Rabin kuɗin hatsi na saya. Sauran na ce in sa a inji, in ya kawo in mayar musu da shanunsu har da ƙari. Yau gyara, gobe mai, jibi ciwo. Da na farga yara sun girma, kuma na riga na kai kunnuwa. Da wane baki zan koma gaban mai gari?"

Na ce, "Da bakin da ka gaya mini yanzu."

Ya girgiza kai ya ce, "Je ka faɗa. Ni ba zan iya ba." Ya tada injinsa, na gane an sallame ni.

Ku da kuke ganin shari'a a fim, ba haka take ba. Zama ne a kan benci da jira, a kira wasu a ɗaga taku, ka koma gida ka sake biyan kuɗin mota. Habsu ba ta taɓa fashi ba, da goyonta da tsummanta. Ranar da aka kira mu, alƙali yana tsakiya, ga tafinta, ga dattawa biyu masana al'ada da addini a gefensa. Aka baje kunnuwan a kan tebur. Aka tambaye ni na faɗi abin da na sani, daga sayen kowace har ranar da masu banda suka ja su, da sharaɗin da Sale ya kafa. Na kuma faɗa cewa shekarar ta yi muni, kuma ni da kaina na yaba masa da ya sayar, don ba a kira ni in ƙara masa ko in rage masa ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaye ni ko zan rantse. Na ce zan rantse. Na fita na yi alwala na dawo, aka ɗauko Alƙur'ani. Kun san nauyin wannan a wurinmu, ko mai gaskiya ba ya son a kai shi nan. Ina miƙa hannu sai na ji muryar Sale daga baya.

"Kada a sa dattijo rantsuwa saboda ni. Gaskiya ya faɗa."

Habsu ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga nan sauran aikin na alƙali ne da dattawansa. Aka cire abin da aka yarda ya ciyar da yaran a shekarar yunwa, aka ce sauran ya biya. Injin ya koma hannun samarin biyu. Shanun noma kuwa aka ce a sayar a raba yadda gado ya tanada, tunda shanu biyu ba sa rabuwa tsakanin mutum uku.

Abin da sarkin dillalai ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Mutanen wajen Yekuwa suka janye, waɗanda na saya wa iyayensu shanu suna wuce ni su gaishe ni da ladabi su ɗaure a wurin wani. Ba su ce na yi ƙarya ba, cewa suka yi Laminu yana magana. Wasu sun dawo daga baya, da yawa ba su dawo ba har yau, kuma ban riƙe kowa a rai ba. Ni ma da a wurinsu nake, ban san abin da zan yi ba.

Amma akwai ciniki ɗaya da ya rage. Ranar kasuwar da aka sa don sayar da shanun, na ɗauka wani dillali za a ba. Da hantsi sai ga Sale ya koro su da kansa, manya-manya, sun sha kiwo, ya zo ya ɗaure a wurina. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ban san wurin kowa ba sai naka. Ka sayar da su da daraja, kuɗin yara ne."

Ban taɓa wahalar da masu saye kamar ranar ba. Aka yi ta tayi ina cewa albarka, har wani falke ya ce ko shanun zinariya suke kashi. Na bar shi ya tafi, ya zagaya kara ya dawo ya ƙara. Sai da rana ta karkata na dubi Habsu, wadda ke zaune a inuwa da ƙannenta, na faɗa mata inda aka tsaya, ta gyaɗa kai, na ce an sallama.

Da aka zo lodi shanun suka ƙi hawa mota. Yaran falken suka ja, suka buga, suka murɗa wutsiya, ko gezau. Sale ya ce su matsa. Ya je ya dafa wuyan babban, ya yi masa magana a hankali yadda yake yi musu a gona, ya shige gaba, suka bi shi har cikin mota. A kara in ka sayar da dabba, igiya ba ta cikin ciniki, mai saye ya kawo tasa. Sale ya kwance tasa daga ƙahonsu ya sauko. Igiyar fata ce, tsohuwa, ta yi baƙi da mai da gumin hannu. Ya naɗe ta a tsanake, ya nufi inda Habsu take.

Ya ce, "Ungo. Ubanki ya tufka ta da hannunsa. Ita kaɗai ce ban sayar ba."

Habsu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar abu daga hannun uba. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ya gyara hularsa ya kama hanyar Yekuwa a ƙasa, sandar kora a hannunsa, ba abin da yake korawa.